Lambun da Dada Habibatu Ta Ƙi Bari

Habibatu ba ta gaji noma ba. A ruga aka haife ta, can bayan Inkil, tun wurin yana daji da burtali, kuma a gidansu in aka ga mutum ya duƙa da fartanya, kallon wanda shanunsa suka ƙare ake yi masa. Da tatsa ta tashi, da kaɗa mai, da ɗaukar ƙwarya zuwa cikin garin Bauchi tun rana ba ta yi zafi ba. Ganyen miya kuwa musaya take yi da matan gari, ta zuba musu nono su ba ta ɗaurin yakuwa ko busasshiyar kuɓewa. Haka ta yi ƙuruciyarta, haka ta yi aure, haka ta haifi 'ya'yanta.

Shanun ba rana ɗaya suka tafi ba. Wata shekara ciwon huhu ya ɗebi rabinsu. Sauran kuma aka yi ta sayarwa da ɗaya ɗaya, saboda burtalin da suke bi ya koma fegi, fegi ya koma gidaje, kiwo ya zama kullum faɗa da masu gona. Lokacin da mijinta ya rasu, abin da ya rage bai wuce a ɗaure a turke biyu ba. Allah ya sa tun da wuri marigayin ya sa ɗansu na fari, Babayo, a makarantar boko. Yaron ya yi karatu, ya sami aiki a sakatariya, ya gina gida a Gwallameji, ya auri wata malamar firamare mai suna Radiyya. Ana gama takaba ya je da mota ya ɗauko mahaifiyarsa.

Ɗaki ya ware mata mai tayil da fanka da banɗaki a ciki. Ya ce, "Dada, wahala ta ƙare. Ki zauna ki ci ki yi salla."

Ba ta amsa masa ba, don ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma doguwar magana da shi. In tana da abin faɗa, Radiyya take gaya wa, ko da yana tsaye a wurin. Ta dai zauna kamar yadda ya ce. Da safe su fita aiki, a ja get, gida ya yi tsit sai ƙarar firji. Ta yi salla, ta ja carbi, ta kwanta, ta tashi, rana ba ta ko kai tsaka ba. Matar da ta saba taka ƙasa daga Inkil zuwa kasuwar Wunti da ƙwarya a ka, sai ga ƙafafunta sun fara kumburi saboda zama.

A bayan kicin akwai wani fili da magina suka bari, daga bangon gidan zuwa katanga. Babu komai a wurin sai tsakuwa da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti. Babayo yana cewa in ya sami sarari zai shimfiɗe shi da intalok, irin duwatsun nan da ake jerawa a tsakar gida, ya yi wa mota rumfa. Nan Habibatu ta mayar da tabarmarta, saboda nan kaɗai take ganin sama.

Ranar da ruwan farko ya sauka, ƙasar wurin ta yi ƙamshi. Washegari ta leƙa gidan maƙwabciyarsu Paulina, matar wani tsohon soja, wadda take da teburin kayan miya a bakin barikin Shadawanka. Duk layin Folina suke ce mata, Habibatu ce kaɗai take faɗin sunan daidai, don a Fulatanci harafin P ba baƙo ba ne. Wannan ya sa Paulina take sonta tun ba su saba ba.

"Ki ara mini fartanya," in ji Habibatu.

Paulina ta ce da Hausarta ta bariki, "Dada, kai zai yi noma? A ina?"

"A bayan kicin."

Paulina ta yi dariya har ta dafa bango. "Wurin nan dutse ne. Ko ciyawa ba ya yarda ya fito." Amma ta ɗauko fartanyar, ta haɗa mata da ƙullin irin kuɓewa da na alayyahu.

Daminar farko ba ta yi kyau ba. Habibatu ta tsince ɓaraguzai da hannu, ta tara su a gindin katanga, ta ja kunyoyi karkatattu, ta zuba iri da yawa a rami ɗaya saboda ba ta san ƙa'ida ba. Alayyahun yana leƙowa ƙadangaru suka cinye. Kuɓewar ta fito, ta kai tsawon ɗani, ta yi rawaya ta tsaya. Ana cikin haka ƙaninta Mika'ilu, wanda har yanzu yake riƙe da 'yan shanu a bayan Inkil, ya zo gaishe ta, ya same ta a duƙe, zani a ɗaure a ƙugu, laka har gwiwa.

Ya dube ta ya ce, "Adda, yanzu ke ce da fartanya? In mutanenmu suka ji fa?"

Ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Su ji. Shanun da za su hana ni duƙawa suna ina? In kana jin kunyata, ka ji ta a hanya. In za ka dawo ka ciko mini buhuna da kashin shanu, wanda ya bushe ya ruɓe, ba ɗanye ba."

Mika'ilu ya tafi yana girgiza kai, amma bayan kwana kaɗan sai ga keke Napep ya tsaya a ƙofar gida da buhuna har saman rufi. Ta zazzage su, ta cakuɗa da ƙasar, ta sa aka ƙaro mata baƙar ƙasa daga bakin fadama. Ba ta shuka komai ba sauran daminar. Juyawa kawai take yi, tana zuba tokar murhu da ɓawon albasa da duk abin da Radiyya za ta zubar daga kicin.

Da sanyi ya shigo, Paulina ta nuna mata yadda ake yayyafa irin tumatir a tsohuwar roba, a bari ya yi ganye, sannan a dasa da yamma. Ta dasa tumatir da attarugu da albasa, ta yi ɗan fage na latas kusa da famfo. Ta kewaye su da tsohon gidan sauro saboda ƙadangaru. Da asuba, ruwa yana yanka hannu, za ka gan ta da bokiti da gwangwanin da ta huda da ƙusa, tana bi tana ba kowane gindi. Ranar da ta tsinko tumatir na farko, ta ajiye su a faranti a kan teburin kicin ta koma tabarmarta. Radiyya ta yi miya da su. Babayo ya ci ya ƙara, bai san daga ina suka fito ba sai da aka gaya masa.

Daga nan shekara ta sami tsari a wurin Habibatu. Damina ta kuɓewa ce da yakuwa da rama da lalo, ga kabewa tana hawa katanga tana leƙa gidan Paulina. Da kaka ta yanka kuɓewa ta shanya a tabarma, ta ware manyan da suka ƙosa ta rataye su a kicin don iri. Sanyi na tumatir ne da kabeji da karas. Bazara ce mai wuya. Rijiya takan ja baya, famfo ya yi sati bai ɗigo ba, masu kurar ruwa su yi tsada, rana ta dafa ganye tun hantsi. Nan ne ta kafa doka a gidan: ba a zubar da ruwa a ƙasa. Alwala a cikin baho ake yi, ruwan wankin shinkafa a juye a bokiti, har na ɗaurayar kwanuka in babu sabulu da yawa. Ta rufe gindin attarugu da busasshiyar ciyawa, ta yi wa alayyahu rumfa da tsofaffin buhuna. Wani abu yakan mutu, wani ya kai ruwan farko da rai.

Babayo bai taɓa son abin ba. Yakan ce lambun yana tara sauro, da damina kuma laka har cikin falo. Abin da ya fi damunsa shi ne abokan aikinsa su zo su ga mahaifiyarsa a duƙe kamar 'yar ƙwadago, su ce ya kasa riƙe ta.

"Dada, duk abin nan ana sayarwa a kasuwar Muda Lawal. Ki faɗi abin da kike so in kawo."

Sai ta dubi Radiyya ta ce, "Ki gaya wa mai gidan nan ban ce ya kasa ba. Ki ce masa kuma ya ɗaga ƙafarsa, yana tsaye a kan yakuwata."

Haka aka yi shekaru, yana kawo maganar intalok tana ture ta, har wata bazara mai tsananin zafi. Ran nan da hantsi Paulina ta leƙo ta katanga za ta karɓi ganyen albasa, ta hango Habibatu kwance a tsakanin kunyoyi, bokiti ya kife a gefenta. Kafin a kira Babayo daga ofis, Paulina ta riga ta tare keke Napep ta kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya buge ta, ɓarin dama ya shanye. Hannu ba ya motsi, ƙafa sai an ja, baki ya karkace, magana ba ta fita.

Ta daɗe a asibiti. Babayo yana zuwa safe da yamma, ya zauna a bakin gado yana kallon hannun da ya ɗauke shi yana jariri, yanzu kwance kamar ba nata ba. A ransa ya yanke cewa lambun nan ne ya jawo, rana da ɗaukar ruwa da duƙawa. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tsoro ne. Ya kira masu aiki, suka tumɓuke attarugu da sauran abin da ya rage, suka baje kunyoyin, suka zuba yashi, suka jera intalok ja da fari daga bangon kicin har katanga. Ya sayo keken marasa lafiya, ya ce yanzu za a iya tura ta ta sha iska ba tare da taya ta nutse ba. Radiyya ta ce ya bari a tambaye ta. Ya ce wadda ba ta iya magana me za a tambaye ta.

Ranar da aka sallamo ta, magana ta fara dawowa a hankali, tana kuma iya takawa in ta dogara da sanda. Ta ƙi hawa keken. Ta ja ƙafa ta ratsa falo, ta ratsa kicin, ta tsaya a ƙofar baya. Ta daɗe a tsaye. Wurin ya yi fes, ya yi kyau, rana tana dukan duwatsun tana dawowa ido. Radiyya tana bayanta tana jiran kuka ko faɗa. Habibatu ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce a kawo mata kujera 'yar tsugunno, ta zauna a gindin katanga har la'asar.

Kwanakin da suka biyo baya haka take yi. Suna ganin ta haƙura. Ashe kallon duwatsun take yi, har ta gane cewa ba da siminti aka kama su ba, jera su kawai aka yi a kan yashi, kuma a lungun katanga akwai ɗaya da bai zauna daidai ba.

Wata safiya bayan sun fita aiki, ta ɗauko wani guntun rodi da magina suka manta a bayan tanki. Ta zauna a kujerarta, ta cusa bakin ƙarfen a tsagar da hannun hagu, ta danna da ƙafarta mai lafiya. Ƙarfen ya suɓuce ya yanke mata yatsa. Ta tsotse jinin ta sake. Sai da rana ta take kafin dutsen farko ya ɗago. Na biyu bai ba ta wuya kamar na farko ba, don ya riga ya rasa abin jingina. Ta kwashe yashin da kwanon sha, sai ga baƙar ƙasarta a ƙasa, da ɗan danshinta. Ta ɗebo ta murza a tafin hannu, ta shinshina.

Babayo ya dawo ya ga ramin da tulin duwatsu. Ranar Asabar ya kira ɗaya daga cikin masu aikin ya mayar da su, har ya ƙara dannawa da guduma. Ranar Litinin ta sake cirewa, ta ƙara da na kusa da su. Da yamma ya same ta a wurin, gumi ya jiƙa mata riga, hannun dama yana lilo a gefenta, yatsan hagu ɗaure da tsumma.

"Dada, don girman Allah mene ne haka? Likita ya ce ki huta."

Radiyya ta matso don ta karɓi saƙo kamar kullum. Habibatu ta ɗaga mata hannu, ta juyo ta dubi ɗanta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana yaro. Maganar tana fita da nauyi, amma kowace kalma ta fito.

"Cewa ya yi in motsa jiki. Bakina ne ya karkace, kunnena lafiya lau."

"Motsa jiki a daɓe, ba haƙa ba. In kika sake faɗuwa fa?"

"In na faɗi ka ɗaga ni. In ba ka nan, ƙasa ta fi dutsen nan naka taushi."

"Saboda ke na yi, Dada."

"Na sani. Shi ya sa ban yi maka baki ba." Ta numfasa, ta goge gefen bakinta da mayafi. "Ina kwance ban iya cewa uffan ba ka rufe mini wuri. Shanu sun tafi ba a tambaye ni ba. Ruga ta tashi ba a tambaye ni ba. Hannun nan ma bai yi sallama da ni ba. Wannan kam ina da ta cewa. In kana so ka mayar da su, mayar. Kai kana da ofis, ni ba ni da wurin zuwa. Mu ga wanda zai gaji."

Babayo ya juya ya shiga ciki. Bai ci abincin dare ba ran nan. Bai kuma sake kiran mai aikin ba.

Kafin ruwa ya zauna, ta buɗe kusan rabin filin. Radiyya in ta dawo daga makaranta takan kwashe duwatsun ta jera su a gefe, ba ta ce tana goyon bayan kowa ba, ta dai ce kada wani ya yi tuntuɓe. Paulina ta kawo iri, don na Habibatu da ke rataye a kicin an zubar lokacin gyara. Ta ce, "Dada, bari ni zan shuka maka, kai ka zauna ka nuna." Habibatu ta ce a'a, ta dai riƙe mata ƙullin. A zaune ta yi shukar, tana jan kujera daga rami zuwa rami, ta huda ƙasa da guntun rodin, ta jefa iri da hagu, ta rufe da diddige. Mika'ilu da ya kawo taki ya ga tana shuka da hagu, ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi, ya rufe.

Kunyoyin shekarar nan sun fi na farko karkacewa, ciyawa kuma ta fi ƙarfinta a wasu wurare. Amma ƙasar ta huta a ƙarƙashin yashi, kuɓewa ta tashi har ta wuce kafaɗa. Hannun dama bai dawo ba, har yau bai dawo ba. Ƙafar ce ta yi ƙarfi, har ta kai tana zagaya lambun da sanda ba tare da ta zauna ba.

Cikin watan Agusta, bayan wani ruwa mai yawa, abin da Babayo yake tsoro ya faru. Ranar Lahadi ce, yana falo, ya ji ƙarar bokiti. Ya fito da gudu babu takalmi, ya same ta kwance a laka tsakanin kuɓewa da rama, sanda ta yi gefe. Ya durƙusa a gefenta.

"Dada, kina jina? Ina ne ke ciwo?"

"Santsi ne kawai. Ɗaga ni ta hagu." Da ya sa hannu zai ɗaga ta, ta ƙara da cewa, "Bi ta nan, can akwai lalo."

Ya ɗaga ta, ya zaunar da ita a kujera, ya ɗebo ruwa ya wanke mata ƙafa da kansa. Ba abin da ya same ta sai ƙujewa a gwiwar hannu. Radiyya ta zaci ranar za a sake tayar da maganar rufe lambu. Shi kuwa ya daɗe tsaye yana auna wurin da ido. Da sati ya zagayo ya zo da mai walda, aka kafa bututun ƙarfe a bin kunyoyin, daidai tsayin ƙugu, daga ƙofar kicin har katanga, don ta riƙa dafawa. Duwatsun da ta cire kuma ya sa aka jera siririyar hanya da su a tsakiya, inda santsi ya fi yawa.

Habibatu tana zaune tana kallo har aka gama. Da mai waldan ya tafi, ta tashi ta dafa ƙarfen, ta girgiza shi ta ji ƙarfinsa. Ta dubi Radiyya.

"Ki gaya wa mai gidan nan an gode. Abin ya yi ƙwari."

Washegari ta aika wa Paulina cewa tana son irin kokwamba da na waken nan mai hawa. Ta shuka su a gindin kowane ƙarfe. Kafin kaka ta shigo sun naɗe bututun tun daga kicin har katanga, ganye ya rufe shi ruf, 'ya'ya suna reto, babu inda mutum zai sa hannu. Ita kuwa tana bin gefensa da sandarta, tana ɗaga ganye tana duba waɗanda suka isa tsinka.